Merv Mai Janwe

Daga bakin mahaifinta Tahlia ta fara jin sunan Merv Tulloch. Tana wanke kwanuka ta ji Baba Gavin daga falo yana cewa, "Merv, ka zo ka kwashe ni, na sake yin ɓarna!" Ta leƙa ta ga ba kowa, sai shi da kwamfuta, kumbonsa na wasan sararin samaniya yana ta juyi babu inji.

A shekarar ne mahaifiyarta ta rasu, Baba ya daina fita ko'ina in ba wurin aikinsa ba, masana'antar ƙarfe ta garinsu Whyalla.

Merv tsoho ne da ke zaune shi kaɗai a garin Port Lincoln; a cikin wasan suka haɗu da Baba, ta kwamfuta suke magana. Ya ƙare ƙuruciyarsa a kan jirgin ruwan da ke jawo manyan jirage zuwa tasha, da ya yi ritaya kuma sai ya kama wannan sana'ar a cikin wasa. Wasu na yaƙi, wasu na haƙar ma'adinai, shi kuwa janwe kawai. Duk wanda kumbonsa ya mutu, Merv zai zo ya ɗaure shi ya ja, kuma ba ya sauri ko kaɗan.

"Kai tsoho, kunkuru ne ya koya maka tuƙi?" in ji Baba.

"Wanda ya daki dutsen da ya kai girman gari ne zai koya min? Zauna ka haɗa shayi, Gav. Ya yarinyar?"

A cikin wannan doguwar tafiyar Baba yake buɗe baki. Tahlia ta ji shi yana ba Merv labarin yadda ya haɗu da mahaifiyarta a layin sayen kifi da dankali, labarin da ita kanta ba ta taɓa ji ba. Merv ma yakan yi nasa, na teku da guguwa da karensa da ya mutu. Wata rana ya ce wa Baba in ba a kira shi janwe ba, sai ya wuni bai ji muryar mutum ba.

Daga baya masu wasan suka kawo manyan jiragen 'yan gwangwan, masu yanke mataccen kumbo nan take su kwashe ƙarfen. Mutane suka daina jiran janwe, sai su bar gawar kumbo su karɓi sabo. Baba kuma ya warware, ya koma kamun kifi da abokansa, ya rage shiga wasan. Merv ya yi masa murna ƙwarai. Amma Tahlia, da ta gaji kumbon Baba, takan ga jirgin Merv a bakin tashar cikin wasan, fitilu a kunne, ba mai kira.

Ran nan man kumbo ya ƙare mata da gaske, ta kira shi. Kafin ta rufe baki ya iso. Ya ja ta a hankali, yana tambayar makaranta, da Baba, da ko har yanzu yana ƙona tsiran nama. Da tasha ta bayyana ya rage gudu, sannan ya ce:

"Kin fi ubanki iya tuƙi, 'yata, abin da ya dame ni ke nan. Don Allah, lokaci-lokaci ki riƙa mantawa da shan mai, ki kira ni."