Raƙumi a Cikin Randa

Kakata maginiyar tukwane ce a wani ƙauye kusa da Gagarawa. Ƙasarmu rairayi ce, yumɓu sai an ɗauko shi daga fadama a kan jaki, shi ya sa ba a wasa da shi. Amma Kaka takan gutsuro wa ƙananan yaran gidan ɗan curi kowace safiya, ta zube su a gindin tsamiya, ta ce da ni: "Ki sa ido, kada su ci."

Nakan zauna da allona a cinya, rabin hankalina a karatu, rabi a kansu. Ba mai gaya musu abin da za su gina. Wata ta mulmula ƙwan zabo, wani ya yi ta danna yatsa yana leƙa ramin. Ƙanena, autanmu, raƙuma kawai yake yi, tun ranar da ya ga ayarin gishiri ya sauko daga Maigatari.

A shekarar da ta biyo bayan babbar yunwa hannun Kaka ya fara rawa. Duk da haka ta gina wata ƙatuwar randa, ta ce ita ce ta ƙarshe, ruwan gidanmu zai kwana a cikinta bayan ba ta. Da randar ta bushe aka kai ta matoya da hantsi, aka lulluɓe ta da kara da busasshen kashin shanu, aka cinna wuta.

Sai auta ya ja mini zane.

"Yaya, raƙumina yana cikin randar. Na sa shi ya gasu, ya daina karyewa."

"Wanne? Na ɗazu?"

Ya gyaɗa kai yana murmushi.

Ko ni na san ɗanyen yumɓu in ya sha wuta fashewa yake yi, ya yi tsartuwa kamar dutse. Na ruga na gaya wa Kaka. Ta dubi wutar, ta riga ta kai tsayin mutum.

"Ba a buɗe matoya, 'yar nan. Zauna."

Na zauna. Duk addu'ar da na haddace ta gudu ta bar ni, sai Fatiha nake ta maimaitawa. Kowane kara ya yi ƙara sai na ɗaga kai na dubi wutar. Can muka ji "tas!" daga tsakiyar wutar. Kaka ta runtse ido.

Bayan la'asar aka share toka. Kaka ta ƙwanƙwasa randar da ɗan yatsa, kamar yadda take gwada kowace tukunya. Mai lafiya amo take yi. Wannan ta amsa a dakushe, ga tsaga siririya daga gindi har ciki.

Kaka ta zura hannu ta zaro kan raƙumi, ja wur, shi kaɗai ya tsira. Ta miƙa wa auta.

"Kai maigidana, haka ake aure? Ka ɗaure raƙumi a ɗakina ba ko sallama?"

"Ai ke kika ce ɗakinki nawa ne," in ji shi.

Ta yi dariya har da hawaye. Ban san na mene ne hawayen ba.

Randar ba ta taɓa riƙe ruwa ba. Gero muke zubawa a ciki.