Jikin da Ya Juya wa Laraba Baya

Laraba Irmiya ta zo Sakkwato a shekarun da arzikin man fetur ya yi ambaliya, gwamnatin soja tana buɗe makarantun firamare ko'ina, tana neman malamai ido rufe. 'Yar ƙasar Zonkwa ce, doguwa, siririya, kuma tun tana kwalejin horon malamai babu yarinyar da ta taɓa shan gabanta a gudu. Mijinta Ishaya direba ne, yana ɗauko siminti daga Kalambaina ya kai wa 'yan kwangilar da ke ta kafa gine-gine a gefen titin Sama. Suka kama ciki da falo a Gawon Nama, a gidan wata dattijuwa Zainabu, matar wani alƙali da ya rasu.

A makaranta aka ba ta aji huɗu, aka haɗa mata da wasanni don babu mai so. Ita kuwa abin da ranta ke so ke nan. Lokacin 'yan mata ba sa gudu a makarantar, sai dai su zauna gindin dalbejiya suna kallon maza. Laraba ta bi gidaje tana durƙusa wa iyaye, ta sa tela ya ɗinka wa yaran dogayen wanduna, har aka sakar mata wasu. Kullum aka tashi tana fili da usur a wuya, tana gudu tare da su cikin ranar da ke narka kwalta. Shekara ba ta zagayo ba yaranta suka ɗauko kofin gasar makarantun gari. Ranar har Zainabu sai da ta yi guɗa.

A bazara ta uku da zuwanta wani jan tabo ya fito mata a kumatu biyu, ya haɗe ta kan karan hanci. Zainabu ta tare ta a bakin rijiya.

"Malama, mi ya samu huskarki?"

"Rana ce, Inna."

"Ranar ga cikinta muka tsufa. Ba ta yin haka ga mutum."

Daga nan gaɓoɓin yatsunta suka kumbura, har alli ya gagare ta riƙewa da safe. Zazzaɓi ya zo, aka yi mata allurar cizon sauro, ya tafi, ya dawo. In ta taje kai sai gashi ya cika matajin. Cikin da take ɗauke da shi ya zube, na bayansa ma ya bi shi. Zainabu ta dafa mata sabara, ta shafa mata man shanu. 'Yan coci suka zo suka yi addu'a. A makaranta kuma aka fara raɗe-raɗin kuturta ce, wasu iyaye suka hana 'ya'yansu cin abin da ta taɓa.

Wani matashin likita mai suna Hayatu, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu a Zariya ba, shi ya gane cutar. Ya ɗebi jininta ya bincika, sa'annan ya kira ta ɗakin gwaji ya ce ta leƙa madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Ta ga wani ɗigo ya kumbura, da wani dunƙule a cikinsa kamar ya haɗiyi abin da ya fi ƙarfinsa.

"Malama," in ji shi, "jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. Kullum wasu suna tsufa su mutu, sababbi su maye. A cikin jini akwai masu shara, su ke zuwa su kwashe matattun shiru, mutum bai ma san an yi ba. In kuma aka ji ciwo wurin ya kumbura ya yi zafi, da an gama gyara jiki da kansa yake kashe wutar. Naki jikin in ya ga ragowar matattun nan sai ya ɗauka abokan gaba ne suka shigo, ya tayar da faɗa. Faɗan kuma ya kashe masu lafiya, gawa ta ƙaru, faɗa ya ƙaru."

"To, waye abokin gaban, likita?"

"Babu kowa. Ke ce da kanki."

Sai ta tambaya ko ana warkewa. Ya ce ana dai lallaɓawa. Ya rubuta mata wasu ƙananan fararen ƙwayoyi masu danne kumburi, ya kuma ce ta guji rana, don rana tana kashe ƙwayoyin fata da yawa, ita ke hura wutar. Laraba ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"A Sakkwato, likita?"

Maganin ya yi aiki. Yatsu suka saki, zazzaɓi ya kwanta. Amma fuskarta ta yi fam kamar faifai, har yaranta suka yi ta kallonta kafin su gaishe ta. Ta sayi laima da malafa ta koma fili, tana tsaye wuri guda tana busa usur. Mai koya gudu a tsaye kuwa bai cika samun masu bin sa ba. Wata rana ta ga wata yarinya tana karɓar sandar gudun miƙa-sanda ba daidai ba, haƙuri ya ƙare mata, ta yar da laimar ta nuna musu da ƙafarta, ta zagaye filin kamar da. Sati bai cika ba tana kwance a asibiti, bakinta duk gyambo, ƙirjinta na suka in ta ja numfashi.

Da ta fito, hedimasta ya mayar da ita ofis tana jera littattafai. Ba da mugunta ya yi ba. Ta taga take hango 'yan matan sun koma gindin dalbejiya. Kofin ya tafi wata makaranta, bai sake dawowa ba.

Shekarun da suka biyo baya ta yi su ne tsakanin cuta da magani. In ta sha da yawa, marurai su fito mata, tari kaɗan ya kwantar da ita, don maganin da ke hana jikinta faɗa da kansa shi ke hana shi faɗa da cutar waje. In ta rage, wutar ta taso. Ishaya bai taɓa yi mata gorin haihuwa ba, amma ta ga yadda yake tsayawa kallon 'ya'yan maƙwabta.

"Ka koma gida ka nemi wata," ta ce masa ran nan.

"Ki sha maganinki," ya ce, ya fita wanke mota.

Sai arzikin mai ya ja baya. Gine-gine suka tsaya rabi, sojoji suka sake karɓar mulki, shagunan magani suka zama kango. Ishaya ya nemi ƙwayoyin a Gusau, ya nema a Kano, ya tsallaka har Birnin Ƙonni. Wani lokaci ya samo, wani lokaci ya dawo hannu rabbana. Ƙafafun Laraba suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, fitsarinta ya riƙa kumfa. Likita Hayatu, wanda furfura ta fara fito masa, ya duba ta da kyau.

"Ciwon ya kai ga ƙoda," ya ce. "Injin da ke wanke jini ba mu da shi a nan."

Ba ta yi kuka ba. Da suka dawo gida ta ce da Zainabu, "Inna, da maye ne ya kama ni da na san wanda zan roƙa. Wannan wa zan roƙa?"

Zainabu ta riƙe kumburarren hannunta. "Allah shi ad da sauƙi, ɗiyata."

Laraba ta rasu ana tsakiyar zafi, ba ta kai shekara arba'in ba. Aka binne ta a maƙabartar Kiristoci da ke bayan gari. Zainabu ta dafa wa masu zaman makoki tuwo, ta hana kowa taya ta. Bayan wata biyu Ishaya ya ɗaure kayansa ya tafi Minna neman aiki, wani ma'aikacin gidan waya ya kama ɗakin.