Kujerar Kaka Mai Lilo

Jiya na kunyata kaina a asibiti. Na ga kujerar ƙarfe mai ƙyalli, irin wadda ba ta da ƙafafun baya, na hau ina ta lilo har ma'aikaciya ta daka mini tsawa. Nan take na tuna da Kaka.

Yana da irinta tun zamanin da yake aikin ofis. A zaurenmu na Ƙofar Atiku take, kullum yana goge ta da hannun rigarsa. Ko ƙuda bai isa ya sauka a kanta ba.

Wata rana ina yaro, ya tafi masallaci, na cusa kaina tsakanin mazauni da majingina don in tsorata ƙanwata. Kai ya shiga lafiya, wajen fitowa kunnuwa suka ƙi. Ƙarfen ya ɗau zafi kamar daga murhu aka sauke shi, gumina kuwa ya isa noman shinkafa. Aka shafa mini man gyaɗa, aka ja ni ta ƙafa, ina ta ƙamshin ƙosai, amma a banza.

Kaka ya shigo, ya daɗe yana kallona.

"Abokina, mi ya kai ka?"

"Kaka, zan mutu!"

"A kira mai walda," ya ce. "Ya yanke kunnuwan, ai dama ba ka ji da su."

Na kurma ihu har maƙwabta suka leƙo.

Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa kabarinsa, kada ya matse shi.

Kujerar aka yanke. Mai walda ya sake haɗa ta, amma gyaran bai riƙe ba. A tabarma ya ci gaba da zama har ya rasu, kuma bai taɓa tayar da maganar ba.