Rabin Waƙar Baba

Yayana Finlo Cregeen masuncin ƙaguwa ne a garin Peel, kamar Baba. Daga wurin Baba ya gaji kwale-kwale mai inji, ya kuma gaji tsofaffin waƙoƙin tsibirinmu na Man, waɗanda Baba ke yi da fito in yana ɗinkin taru a bakin gaɓa. A bakin gaɓa kawai. Kowa a garinmu ya san ba a yin fito a kan teku, wai kiran iska ne, kuma duk wanda ya manta, ƙeyarsa ce ke shan hannun Baba.

Finlo ya zuba fiton nan cikin sarewar ƙarfe. Mutum ne da sai ka yi da gaske kafin ka ciro magana daga bakinsa, amma in ya ɗora sarewa a leɓe, ko masu rigima a mashaya sai su yi tsit. A can Breesha Kinvig mai goge ta tsince shi, ta haɗa shi da mai ganga da mai jita, suka zama ƙungiya. Da bukukuwan aure suka fara, daga nan sai rediyo, sai ga gayyata zuwa taron makaɗa a Faransa.

Mijina Orry ne ya ce zai kula masa da tarkunan ƙaguwa.

"Tafi ka yi suna, suruki," in ji shi. "Ƙaguwa ba za su yi kewarka ba, ni ma haka."

A cikin jirgin ruwan fasinja 'yan ƙungiya suka fito da kayan kiɗa don su rage hanya. Finlo ya ƙi. Breesha ta yi ta tsokanarsa, ta ce wannan ai otal ne mai tafiya, ba kwale-kwalen kakansa ba, kuma busa daban, fito daban. Fasinjoji suka sa baki, suna tafi. Ya busa. Da la'asar iska ta taso a can gida, kwale-kwalen Finlo ya kife da Orry. Sai bayan kwanaki teku ta dawo mana da shi.

Tun da safe rediyo ta ce iska na tafe. Na ji, Orry ya ji, taurin kansa ne ya fitar da shi. Na faɗa wa Finlo haka har bakina ya gaji. A banza. Bai ma isa Faransa ba ya juyo, ya bar ƙungiya, ya koma gidan bandar kifi yana aiki cikin hayaƙi. Wallahi haushinsa nake ji, tausayinsa kuma yana cina.

Ƙungiya ta ɗauki wani mabushi, ta zaga ƙasashe. Sai dai akwai waƙa ɗaya ta Baba, ta masunta masu dawowa gida, wadda rabin farko kawai Finlo ya koya musu kafin tafiyar. Sauran rabin ba wanda ya sani duk duniya sai shi. Ni ban iya ba, kunnena na katako ne. Breesha ta yi ta sintiri tana roƙo, ya ba ta shayi da bandar kifi, ya raka ta ƙofa. Dole suka koma maimaita rabin farko sau biyu, baƙi suna ta tafi.

Shekaru sun ja, mun yi furfura. Ranar Lahadin da ta wuce yana cin abinci a kicin ɗina, sai ga waƙar a rediyo. Da aka zo inda rabi na biyu ya kamata ya shigo, na ga ya tsuke leɓe kamar zai yi fito, sannan ya saki. Raina ya ɓaci.

"Yaya," na ce, "teku ta ci min miji, na haƙura. Waƙar Baba ma sai ka miƙa mata?"

Ya ture faranti gefe.

"Ba ɓoye waƙar nake yi ba, Aalish. Tun bara nake nemanta a kaina. Ba ta nan."

A rediyo suka sake ɗauko rabin farko.