Sunan da Wendell Ya Raɗa wa Maƙwabcinsa

A Gastonia, wani gari a Amurka, in ka ce Wendell Pruitt kake nema, sai an ɗan yi tunani kafin a nuna maka gidansa. Amma ka ce Aku, ko matar da ke sayar da kofi kusa da gidan mai za ta ce maka yanzun nan motarsa ta wuce. Mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, shekararsa hamsin da shida, gajere mai faɗin ƙirji, kuma Allah ya hore masa baki. Yana can cikin silin ɗinka a tsakiyar zafin Yuli, gumi na zuba, amma ta ramin silin zai ba ka labarin duk gidajen da ya shiga a makon, har ka manta zafi kake ji. Ran Lahadi shi ke tsayawa a ƙofar cocinsu ta Baptis yana gaisawa da masu shigowa, don ba wanda ya kai shi riƙe sunan mutane.

Sunan Aku a filin motsa jiki aka sa masa. Filin ƙwallo ne na wata makarantar sakandare, inda maza ke haɗuwa ƙarfe biyar da rabi na asuba, Litinin da Laraba da Asabar, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Ba a biyan ko kwabo. A kafa shebur mai tuta a bakin ciyawa, wanda layi ya zo kansa ya ja motsa jiki na minti arba'in da biyar: gudu, tsallen kwaɗo, ɗaga bulon siminti sama da kai har hannu ya ƙi. Wanda ya riga isa sai ya juyo ya ɗauko na ƙarshe, su ƙarasa tare. In an gama a yi da'ira, kowa ya faɗi sunansa na gida da shekarunsa da sunansa na fili, mai damuwa ya faɗi damuwarsa, a dafa kafaɗun juna a yi addu'a. Daga nan mai lokaci ya wuce shan kofi.

Wendell ya fara zuwa ne shekarar da matarsa Maxine ta rasu. A lokacin ya kai wata huɗu yana cin abinci a tsaye a gaban firiji, kuma bakin nan nasa ya mutu murus. Shi da kansa yake faɗa cewa mazan nan ne suka dawo da shi cikin mutane. Abin da ba ya cika faɗa shi ne, kafin su akwai Royce Tillman.

Royce maƙwabcinsa ne, shinge ɗaya ya raba su shekara ashirin da biyu. Ɗan raba wasiƙu ne da ya yi ritaya, dogo, marar magana, irin mutumin da zai yanke maka ciyawar gida ya tafi ba tare da ya buga ƙofa ba. Haka kuwa ya yi wa Wendell duk damina guda bayan jana'iza. Matar Royce, Verna, ta dafa, shi ya kawo ya ajiye, ya zauna a baranda kusa da Wendell awa guda ba wanda ya ce uffan, sannan ya tashi ya koma gida.

To da Wendell ya warware, sai ya ɗauka wajibi ne ya jawo Royce fili. Ya yi shekara guda cur yana damunsa ta kan shinge. "Tsoho, tumbin nan naka ya kusa riga ka shiga coci." Royce ya yi murmushi ya ce sai wani makon. Ana cikin haka aka kwantar da shi asibiti, aka ce ƙaramin aiki ne, ya dawo ya rame, ya daina fitowa baranda. Wendell ya ƙara matsa lamba, don ya san kalar wannan shirun. Wata Laraba cikin Oktoba Royce ya yarda.

A mota Royce ya faɗa masa, suna tsaye a danja, titi ba kowa. Bai kalle shi ba.

"Aikin nan da aka yi min, na ciwon daji ne, a ƙasan mafitsara. Sun ce sun cire duka. Amma tun daga lokacin ba na iya riƙe fitsari in na yi tsalle ko na ɗaga abu mai nauyi. Ƙunzugu nake sawa, Wendell, irin na manya. In ka ga na zame bayan mota, ka rabu da ni. Verna ce kawai ta sani. 'Ya'yana ma ban gaya musu ba."

Wendell ya ce, "Haba ɗan'uwa, ai ba komai. Yana nan tsakaninmu."

Kuma har ga Allah da gaske yake a lokacin da ya faɗa.

Royce ya yi ƙoƙari ranar. Shi ne na ƙarshe a kowane zagaye, aka riƙa juyowa ana ɗauko shi, sau biyu ya zame bayan mota ba wanda ya kula. Da aka yi da'ira aka tura shi tsakiya, yadda ake yi wa kowane baƙo. Al'adar ita ce baƙo ya faɗi ko shi wane ne, a yi ta jefo sunaye har ɗaya ya zauna, kuma in ya zauna ya zauna ke nan. Mutum ya nuna ba ya so, sai a ƙara manna masa. Royce ya ce shi ɗan raba wasiƙu ne shekara talatin da ɗaya, yana da jikoki uku, yana son kamun kifi. Wani ya ce Ambulan. Bai zauna ba. Wani ya ce Tarwaɗa, aka ce akwai Tarwaɗa tuni a filin garin Belmont. Sai Filaya, likitan haƙori da ya ja motsa jikin ranar, ya juya.

"Aku, kai ka kawo shi, kuma ka yi mana gum. Ko bakin ya tafi hutu?"

Rabin mazan da ke tsaye a da'irar nan Wendell ne ya sa musu suna, kuma yana ji da wannan fiye da yadda yake ji da sana'arsa. Idanun mutum goma sha tara suna kansa, an riga an fara murmushi tun bai buɗe baki ba. Sunan ya faɗo masa a ka, ya san zai tashi wurin, ya kuma san bai kamata ba. Duka biyun ya sani. Ya ce, "Famfo."

"Famfo kuma? Na me?"

Nan ma da ya ce saboda gumi, da an wuce wurin. Amma Wendell bai taɓa barin labari a rabi ba. Ya ce, "Ku tambayi likitansa. Ya gyara bututu tsaf, ya manta bai ɗaure kan ba."

Wurin ya kece da dariya. Royce ma ya yi, har da ɗaga hannu irin na wanda aka kayar. Aka dafa kafaɗu, Filaya ya gode wa Ubangiji da ya ƙaro musu ɗan'uwa Famfo, aka ce amin cikin sunan Yesu. A hanyar gida Royce ya yi maganar farashin taya da ruwan da ake sa ran zai sauka ran Juma'a. Da ya sauka ya ce an gode da rakiya.

Bai sake zuwa ba. Makon farko da aka tambaya, Wendell ya ce gwiwa ce. Mako na biyu ya ce gwiwar ce har yanzu. Ƙaryar ta yi ƙafa, aka sa gwiwar Famfo cikin addu'a, kuma sau biyu Wendell ne da kansa ya ja addu'ar, hannunsa a kafaɗar Filaya, yana roƙon waraka ga gwiwar da lafiyarta ƙalau. Kunya yake ji har cikin ƙashinsa. Kullum da yamma sai ya ce yau zai tsallaka shingen nan, taku goma sha biyu ne daga ƙofarsa zuwa ta Royce. Sai ya tuna akwai wani gyara da bai ƙarasa ba a gareji. Mutumin da ke iya hira da bango ya kasa haɗa kalma huɗu. Suka koma ɗaga wa juna hannu daga cikin mota.

Da aka yi mako shida, Filaya ya kawo shawara a da'irar Laraba. Akwai abin da sukan yi wa wanda ya ɓace: ran Asabar a bar fili, a ruga har ƙofar gidansa, a yi motsa jikin a kan ciyawarsa ana kiran sunansa har ya fito. Da yawa a cikinsu da haka aka dawo da su, kuma suna ba da labarin da hawaye.

"Gidan Famfo mil ɗaya da rabi ne daga nan," in ji Filaya. "Aku, me ka gani?"

Wendell ya ce, "Ya yi."

Yana da kwana uku. Zai iya kiran Filaya, zai iya kiran Royce. Ya ɗauki waya ya ajiye ya fi sau goma. Ya yi ta fatan a yi hadari mai tsawa, alhali ya san tsawa ba ta taɓa hana su fita ba. Asabar ta waye gari tas, maza ashirin da uku suka hallara, fiye da kullum, don kowa na son irin wannan fitar.

Sai da suka yi nisa a guje, gari ya fara haske, sannan abin ya ci ƙarfinsa. Yana can baya kamar kullum, samarin cikinsu sun yi gaba da shebur mai tuta. Filaya ya juyo ya ɗauko shi, suna tafe kafaɗa da kafaɗa.

"Tsayar da su," Wendell ya ce yana haki. "Ba gwiwa ba ce. Abin da na faɗa ranar, ba wasa na ƙirƙira ba. Gaskiya ce. A mota ya gaya min, ya ce kar kowa ya ji."

Filaya ya tsaya cak. Ya dube shi, duban da Wendell ya ce gara mari da shi. Ya zuba da gudu. Amma likitan haƙori mai shekara hamsin ba zai kamo 'yan shekara talatin ba. Kafin Wendell ya sha kwanar layinsu ya riga ya jiyo su, suna ƙirga tsalle da murya ɗaya, a ƙarshen kowace ƙirga su kira Famfo. Karnukan layin suka ɗauka. Fitilu suka kama a gidaje uku. A ƙofar gidan Royce akwai wata mota mai lambar jihar Georgia, ta babbar 'yarsa, ta zo da yara hutun ƙarshen mako.

Ita ta fara buɗe ƙofa, da jariri a kafaɗa. Royce ya biyo bayanta cikin rigar barci da silifa. Wurin ya yi tsit don Filaya ya iso yana ɗaga hannu, sai muryarta ta fita sarai.

"Baba, wane ne Famfo?"

"Ni ne," in ji Royce. "Zan gaya miki in mun shiga."

Ya sauko daga baranda ya bi su ɗaya-ɗaya yana ba su hannu. Ya gode musu da suka tuna da shi, ya ce ba ƙaramin abu ba ne mutum ya yi gudun mil da rabi don wani. Ya ce su yi haƙuri yau yana da baƙi. Verna ta fito da butar kofi da kofunan takarda, ba ta kalli kowa ba. Yawancinsu ba su fahimci komai ba, suka sha kofi suna ce masa sai Litinin. Wendell na tsaye a kan titi, bai iya taka ciyawar ba. Royce ya zo har wurinsa ya ba shi hannu kamar kowa.

Da rana Wendell ya tsallaka. Ya tarar da Royce a bayan gida yana wanke kwale-kwalensa na kamun kifi. Abin da ya shirya faɗa duk ya zube, ya tsaya yana murza hularsa.

"Royce, na ci amanarka. Ba ni da abin cewa. Don a yi dariya na yi."

Royce ya kashe ruwan.

"Na sani. An kuwa yi." Ya goge hannu a wando. "Na yafe maka tun makon farko. Dole na yafe, ba zan je cin jibin Ubangiji a coci da kai a wuyana ba. Ba fushi nake yi ba, Wendell. Mutum biyu na zaɓa na gaya wa a duniya. Yau da safe na zauna na gaya wa 'yata a kicin, ba don na shirya ba."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli, na ƙofar bayan gidan Wendell, wanda ke ajiye a wurinsa tun Maxine na da rai. Ya miƙa masa.

"Nawa makullin kuma da ke wurinka, in ka samu lokaci, ka jefa a akwatin wasiƙa."

An yi shekara biyu da wannan. Wendell yana zuwa fili har yanzu, Litinin da Laraba da Asabar. Ya tsaya a da'ira ya faɗi abin da ya yi, duka, ba ragi, aka yi masa addu'a. In an tura baƙo tsakiya ana jefo sunaye, shi ƙasa yake kallo, sababbin zuwa har tambaya suke me ya sa ake ce masa Aku. Suna gaisawa da Royce ta kan shinge, a tambayi jikoki, a yi maganar ruwa. Makullin Royce kuwa yana nan rataye a ƙusa a kicin ɗin Wendell. Bai mayar ba, Royce kuma bai sake tambaya ba, ya dai canza kwaɗon ƙofarsa a bazarar da ta biyo baya.