Ranar da Na Ɗora Motar Tsere a Bayan Kantata

Edita, ina yi maka sallama irin ta Musulunci. Lokacin da abin nan ya faru ni direban kanta ne, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya, a Dutsin-Ma. Da rani in ɗebo tumatir da albasa daga bakin dam ɗin Zobe, da kaka in yi ta jigilar hatsi tsakanin kasuwannin ƙauye. Na daɗe a kan titi har na fara jin babu kayan da za su gagare ni ɗaurewa. Ƙanwata, wadda muke ciki ɗaya, tana auren wani matashi mazaunin Kaduna, mutumin kirki, sai dai Allah ya jarabce shi da son wasan mota. Yana da wata 'yar motar tsere, cikinta kamar ya taɓa ƙasa, an ciccire kujerun baya an sassaka ƙarafa.

Wata damina abokinsa ya yi aure a Kurfi, ya sa aka kawo motar don ya yi wa ango wasa. Garin juyi cikinta ya daki dutse, baƙin mai ya tsiyaye, inji ya tsaya. Da la'asar ya kira ni. Na ce a nemo janwe a jawo ta mana, ya ce ba zai yiwu ba, ita da ƙafa huɗu take ja, in aka ɗaga biyu aka ja biyu giyarta ta tashi aiki. Sai dai a ɗauke ta gaba ɗaya. Motar da ta kawo ta kuma ta koma, sai gobe, ga shi yadda garuruwanmu suka zama ba ya son ta kwana a fili. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma da ya ce, "Yaya, ba ni da kowa a nan sai kai," sai na ji kunya na amince, na tafi Kurfin.

Muka tura ta kan tudun da ake loda shanu, muka gangara da ita cikin kantata. Nan na ga matsala ta farko: ta fi bayan motata tsawo, dole muka bar marfi a buɗe, tayoyin baya suna gab da baki. Na ɗaure ta da igiyoyin da nake ɗaure buhuna, na sa duwatsu a gindin tayoyi. Sannan ya shaida mini birkin hannunta na wasa ne, ba ya kamawa sai an riƙe, don haka shi zai zauna a ciki ya riƙe. Wani dattijo da ke kallonmu ya ce wannan ganganci ne. Muka yi dariya, muka kama hanyar Dutsin-Ma.

Ban taɓa tuƙi cikin fargaba irin ta ranar ba. Ruwa ya cinye titin, duk ramin da na faɗa sai na ji motar ta yi baya ta dawo, igiyoyi suna kuka. Idona ɗaya a gaba, ɗaya a madubi. Hadari ya haɗo daga gabas, magariba tana matsowa, ina son in yi sauri ina tsoron sauri. Na tsaya na ƙara ɗaure igiyar, na tarar gefen ƙarfe ya fara cin ta. Na ce masa ya sauko ya dawo gaba, ya ce hannunsa ne kawai ya gaji, mu ƙarasa tunda mun kusa. Na koma na zauna, bakina ba ya barin Hasbunallahu.

Muna hawa wani ɗan tudu bayan gada, shanu suka keto titi. Na taka birki, da na sake tashi sai kantata ta zabura. Na ji ƙara kamar an harba bindiga, ashe igiya ce ta tsinke, bayan motata ya yi sakayau. A madubi na ga motar tana sulalewa da shi a ciki, ta daki kwalta da gindi, ta juya ta faɗa kwari. Wani mai babur da ke biye da mu ya kauce cikin gonar gero, ya karye a hannu. Da na isa wurin mijin ƙanwata na same shi ba ya motsi. Ina jijjiga ƙofar ina kiran sunansa, abin da ke raina kawai shi ne da wane baki zan gaya wa ƙanwata, wadda ko arba'in ba ta yi ba da haihuwa.

Allah ya sa da sauran kwana. Ya farfaɗo a asibiti, amma bayansa ya taɓu, har yau ba ya iya dogon zama, balle tuƙi. Mai babur ya yafe mana tun kafin mu roƙa. Ƙanwata ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Sau ɗaya dai, a barandar asibiti, ta dube ni ta ce, "Yaya, ai kai ne babba." Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Abin da na koya shi ne kowane kaya da motarsa, kuma igiyar buhu ba ta riƙe ƙarfe mai taya. 'Yan'uwana direbobi, in an kawo muku irin wannan aiki, ku ce a jira motar da aka yi dominsa, ko da ran mai kayan zai ɓaci. Kada ku yarda ɗan Adam ya zauna cikin motar da aka ɗora a kan wata. Fushin ɗan'uwa kwana biyu ne ya wuce. Ni kuwa duk sallar da suka zo gida, ni nake riƙe masa hannu ya sauko daga mota.