Haɗin Garafuni da Hulba

Kakata, mahaifiyar babana, ita take haɗa masa maganin ciwon sukari da maiƙon jini. Jiya ƙamshin hulba a Kasuwar Kurmi ya tuna mini da ita.

Takan daka garafuni da zogale da hulba a ƙaramin turmi, ta jiƙa, ta ɗanɗana kafin ta miƙa masa. Na taɓa roƙonta ta faɗa mini awon kowanne.

Ta ce, "Angona, harshe ne yake aunawa. Kai dai kada ka bari ubanka ya daina shan ƙwayar asibiti."

Bayan rasuwarta na gwada haɗawa. Baba ya kurɓa, ya ajiye kofin, ya ce ba shi ba ne.

Allah Ya haskaka kabarinta. Mun rasa uwa, mun rasa awon.